Banɗakin Hajiya: yadda aikin ke tafiya

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

An tsayar da magana a gida: za a yi wa Hajiya banɗaki a jikin ɗakinta kafin azumi. Makewayin da kowa ke shiga yana can ƙarshen tsakar gida, na tsuguno ne, gwiwarta ta hagu kuwa ta daina yarda da tsuguno. Yaya ya ɗauki siminti da bulo, autarmu ta ce tayil nata ne, ni aka bar wa tsayuwa a kan aiki.

Wurin da za a yi shi lungun nan ne da ke arewa da ɗakinta, tsakanin bangon ɗakin da katangar maƙwabci, wanda ya miƙe gabas har ƙofar gida. Na sa tef, faɗinsa ƙafa 9 ne, wato santimita 274.

Baba magini ya zo da yamma, ya taka wurin, ya ce, "Huɗu-shida za mu yi, Alhaji. Haka muke yi ko'ina." Gaskiyarsa, haka ake yi ko'ina. Sai an gama yanka falo da ɗakuna sannan a tuna da banɗaki, a ba shi abin da ya rage. Amma huɗu-shidan Baba, wato ƙafa 4 a ƙafa 6, daga waje yake aunawa. Bulo mai inci 6 yana cin santimita 15. Filasta da tayil su ci kamar 3 a kowane gefe. Ƙafa 6 santimita 183 ce, a cire bango biyu da kwalliyarsu, saura 147. Ƙafa 4 santimita 122 ce, a cire bango ɗaya tunda ɗayan na ɗakin ne, saura kamar 101. Mita ɗaya a mita ɗaya da rabi ke nan, a nan za a sa masai da bokiti da tsohuwa da sandarta. Na ce Baba a ba ni mako guda.

Asabar, 11 ga Janairu

Takarda ba ta gamsar da kowa a gidanmu, don haka na zana banɗakin a ƙasa. Na sami gawayi na ja layin huɗu-shidan a simintin tsakar gida, daidai yadda cikinsa zai kasance bayan tayil. Na ajiye kujerar roba a matsayin masai, na matso da ita santimita 68 daga layin baya, domin kusan haka masai na zama ke fitowa daga bango in an haɗa da tankinsa. Na kawo bokiti da buta da 'yar kujerar wanka.

Hajiya ta fito tana mita, wai mun mai da ita 'yar wasan yara. Ta shiga da sanda, ta juya za ta zauna, ƙasan sandar ya faɗa wajen layi. Na ce wa uwargida ta shiga ta kama ta, kamar ranar da jiki ya ƙi. Ƙafarta ɗaya a cikin bokiti, ɗaya a inda bango zai tsaya. Yaya da ke ta cewa kada a yi almubazzaranci da bulo ya yi shiru, can ya ce a goge a sake.

Muka yi ta matsar da layi ana gwadawa har muka tsaya a kan santimita 170 faɗi, 260 tsawo, awon ciki bayan an gama komai. Na rubuta shi da manyan baƙi a jikin bangon lungun: AWON CIKI NE. Tsawon ya kasu uku: 80 na masai, 90 na ƙofa da wurin juyawa, 90 na wanka. A gaban masai za a sami sama da mita ɗaya babu komai. Masu zane suna cewa santimita 60 ta isa, kuma ta isa ga mai ƙafa lafiya. Wanda za a ɗaga sai an tsaya a gabansa an sunkuya.

In aka ɗora bango da filasta a kan 170, ginin zai ci kamar 192 daga cikin 274, a bar hanya ta santimita 82 a bayansa. Yaya ya so a kai shi har katanga, a huta da bango ɗaya. Ban yarda ba. Katangar ba tamu ce mu kaɗai ba, kuma ruwan wanka yana bin bango. Ba na son ranar da maƙwabci zai yi sallama ya nuna mini fentinsa yana ɓarewa. Ta wannan hanyar ce ma bututu zai bi, baro kuma zai iya wucewa.

Lahadi, 12 ga Janairu

Da na nuna wa Hajiya zanen a takarda, abu ɗaya ta tambaya: "In na zauna ina zan kalla?"

Abin da ya fi sauƙi shi ne a jingina masai da bangon yamma, mai zama ya kalli gabas. Mu kuwa a Kano alƙibla gabas take da ɗan karkata arewa, kusan digiri 68 daga arewa. Hadisin Abu Ayyubal Ansari da ke cikin Bukhari da Muslim ya hana fuskantar alƙibla ko juya mata baya wajen biyan buƙata. Cewar da aka yi a cikinsa a kalli gabas ko yamma, da mutanen Madina ake, su da Makka ke kudu da su. Mu namu kudu ne ko arewa. Na faɗa mata malaman Malikiyya sun sauƙaƙa in a cikin gini ne, suna kafa hujja da hadisin Ibn Umar, da ya hau saman ɗakin Hafsa ya hango Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana biyan buƙata yana fuskantar Sham, wato ya juya wa alƙibla baya. Ta ce, "Na ji. To kai da ba ka gina ba tukuna, me ya matsa maka da za ka nemi sauƙi?"

Ba ni da amsa. Masai zai jingina da bangon arewa, mai zama ya kalli kudu. Na sa shi a kusurwar yamma, tsakiyarsa santimita 40 daga bango, don bangon ya zo mata a hannun dama. A nan za a kafa ƙarfen riƙewa, a ƙasansa kuma famfon buta, ɗan gaba da gwiwa, inda hannu zai kai ba tare da ta murɗa baya ba. Sai ga shi wannan zaman ya fi wa bututu ma daɗi: zai huda bangon arewa ya faɗa hanyar baya kai tsaye, babu lanƙwasa a ƙarƙashin daɓe.

Asabar, 18 ga Janairu

Mai aikin famfo ya zo kafin a haƙa komai, kuma ni na nace a kan haka. Yawanci sai an gama gini an yi filasta ake kiransu, su zo da guduma da kurfi su yi ta sassaƙar bangon da aka biya kuɗi aka gyara.

Saurayi ne, ba ya da yawan magana. Bai ko kalli zanena ba sai da ya je ƙofar gida ya sa aka ɗaga murfin sokawe, ya ga inda tsohon bututu ke shiga. Sannan ya fito da siririn tiyo mai haske, ya cika shi da ruwa, ya yi ta karkaɗa shi har kumfar iska ta fita. Ya ba yaronsa baki ɗaya ya tsaya a jikin ɗakin Hajiya, shi ya ja ɗayan zuwa sokawe. Ya jira ruwan ya daina rawa, ya ce "Ja!", kowa ya ja layi da fensir daidai kan ruwan. Layukan nan biyu tsayinsu ɗaya, ko da ƙasar da ke tsakani ta hau ko ta sauka. Daga su ya auna ƙasa.

Tafiyar mita 9 ce. Bututun masai mai inci 4 yana son gangare na kashi ɗaya cikin 40, wato santimita biyu da rabi a kowace mita; a mita 9 ana neman faɗuwar kusan 23. Mun samu har da rara, domin daɓen ɗakin Hajiya ya ɗara ƙasar lungun da santimita 30, bakin sokawen kuma yana ƙasa da haka sosai. Ya ce, "Maigida, mutane suna ganin in an ƙara gangare an ƙara kyau. In ya kwanta da yawa ƙazanta ta zauna, in kuma aka bar shi yana hawa yana sauka saboda ba a dandaƙe ƙasan ramin ba, nan ma ta zauna. Gangaren ya tafi bai ɗaya, shi ne aikin." Zai yi ƙaramar camba mai murfi a inda bututu ya fito daga bango ya juya gabas, don ranar toshewa a zura sanda ba sai an fasa ba. Daga nan kuma bututun iska zai tashi ya wuce kan kwano, a ɗaure bakinsa da raga saboda ƙuda da sauro.

Baba magini ya kawo shawarar a haƙa sabon rami a nan kusa a huta da dogon bututu. Rijiyarmu tana tsakar gida. Masana tsaftar ruwa suna cewa a bar mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya. A fili mai ƙafa 50 a 50, wanda gefensa kamar mita 15 ne kawai, wa zai sami wannan? Tsohon sokawen ma bai kai ba, shi ya sa tuntuni muka bar ruwan rijiyar ga wanki da shara. Tunda ba za mu iya nisantawa ba, ba za mu ƙara matsowa ba. Kuma na ƙofar gida mota tana isa gare shi ranar kwashewa.

Ruwan wanka da na wanke hannu ba za su shiga sokawe ba, za su cika shi a banza. Bututu mai inci 2 daban, ya haɗu da rariyar gida.

Laraba, 22 ga Janairu

Lissafin bulo. Bango uku, jimillar tsawonsu kamar mita 6 da rabi, tsayi mita 2.7, ya kama murabba'in mita 17 da rabi. Bulo 10 ke cika murabba'i ɗaya. Na sa a kawo 185 masu inci 6 saboda fashewa, da 45 masu inci 9 na tushe. An kawo yashi. An ja igiya, na bi Baba da tef kusurwa-kusurwa, yana dariya yana cewa ko ginin banki bai sha awo haka ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Gardamar ƙofa ta ci mana yini.

Ƙofar banɗaki da aka saba ƙafa 2 da rabi ce, santimita 75, in an cire firam sai a ga abin da ya rage bai fi 65 ba. Na ce ƙafa 3 za a fasa. Ba ma fata, amma in wata rana sai da keken marasa lafiya, yawancinsu suna neman kusan 80 kafin su wuce ba gogar hannu. Fasa bango sau ɗaya ake so a yi shi, a zuba linta da rodi a wuce wurin.

Na biyu, waje za ta buɗe, wato cikin ɗaki. Nan Hajiya ta tubure, domin sai an matsar da gadonta da kabad ɗin kwanukanta, wanda rabon da ya motsa tun ana kiran kuɗi da wani suna. Na ce, "Hajiya, in mutum ya zame a ciki, bayan ƙofa yake faɗuwa. In ciki take buɗewa, jikinsa ne zai tokare ta, mu muna waje muna turawa muna ƙara ji masa ciwo." Ta ce in daina yi mata baki. Bayan la'asar ta aiko jikarta ta ce a zo a ɗaga kabad ɗin, amma kada wanda ya taɓa kwanukan sai ita.

Ƙofar alminiyom za a yi. Katako ƙasansa ke ruɓewa, ƙarfe kuma ya yi tsatsa. Makullin irin wanda ake iya buɗewa ta waje ne, babu sakata.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Gini ya kai linta. Hunturu ya sa bulo shan ruwa ba kaɗan ba, kwaɓi yana bushewa a kan cokali. Na ɗora wa yaran gida ban-ruwa safe da yamma har mako guda. Siminti ba bushewa yake so ba, jiƙa yake so kafin ya yi ƙarfi, abin da leburori suka sani sarai amma ba sa yi sai an tsaya.

Taga tana bangon arewa, 60 a 60, ƙasanta santimita 180 daga daɓe, ta yadda mai wucewa ta hanyar baya ba zai ga komai ba. Za a sa mata raga.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Maganar ruwa. Autarmu ta turo hotuna daga waya: shawa mai faɗin faranti, da gilashi, da bahon kwanciya. Na ce ta zo ta ga tankinmu. Mai lita 1,000 ne, a kan ƙarfe mai tsayin mita 3. Kan shawa yana mita 2 daga ƙasa. Abin da ke tura ruwa shi ne tazarar da ke tsakanin saman ruwan tanki da bakin famfo, nan kuwa mita ɗaya ce zuwa biyu, gwargwadon cikar tankin. Faffaɗar shawa a wannan ƙarfin ɗiga kawai za ta yi kamar rufin da ke yoyo. Balle Hajiya da bokiti take wanka, a zaune, da ruwan da aka dafa mata, kuma ba yanzu za ta sauya ba.

Saboda haka abin da aka ba muhimmanci shi ne famfon bokiti, santimita 60 daga ƙasa, yadda babban bokiti zai shiga ƙarƙashinsa ba a karkata shi ba. Za a jawo ruwan da bututu mai inci uku bisa huɗu maimakon rabin inci, a rage gwiwoyi, don kada ɗan ƙarfin da ake da shi ya ƙare a hanya. Shawa ƙarama za a sa saboda jikoki. An bar bututu da waya a toshe a sama ko wata rana za a sa hita, amma da wutar da muke gani yanzu ban ga ranar ba.

Masai kuma mai tankin lita 6 na ce a nemo, ba tsofaffin nan masu shanye 9 ko fiye ba. Duk wanda ya taɓa sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ya san jarka lita 25 ce: kora huɗu ke nan a mai lita 6, a ɗayan kuwa ko uku ba ta cika ba. In zafi ya shigo rijiya ta ja baya, wannan lissafin ne zai yi magana.

Duk bututun ruwa ta bangon arewa da na yamma da na gabas za su bi. Ko ɗaya ban yarda ya shiga bangon da ke tsakaninsa da ɗakin ba, domin ranar da ya tsiyaya, a bayan gadonta za a gani.

A wurin wanka, jikin bangon gabas, Baba zai yi dakali mai tsayin santimita 45, faɗi 40, a lulluɓe shi da tayil. Kujerar roba tana zamewa a jiƙaƙƙen daɓe, 'yar tsuguno kuma tashi daga kanta shi ne wahalar. A nan za ta riƙa alwalar asuba lokacin sanyi. Ta ce bisimillarta a bakin ƙofa za ta yi kafin ta shiga. Uwargida ta so babban abin wanke hannu mai kabad a ƙasa. Ƙarami aka ɗauka, mai fitowa santimita 35, a ƙarƙashin taga, don wurin juyawa ya zauna yadda aka gwada shi da gawayi. Ni dai ba na son tsoho ya ga wurin da zai yi sha'awar ɗaga ƙafa ya wanke a tsaye.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Kasuwar Ƙofar Ruwa, ni da autarmu. Daɓe murabba'in mita 4.4 ne, na sayi na 5. Bango har tsayin ƙofa, in an cire ƙofar da ɗan abin da taga ta ci, ya kama 16, na sayi na 18. Rarar ta yanka ce da fashewa, da kwali ɗaya da za a ɓoye, don bayan shekara biyu ba lalle a sami irinsa ba.

Mai shago ya yi ta tura mana manyan tayil masu sheƙi, 60 a 60, wai su ake yayi. Na roƙi ruwan leda, na zuba a kan ɗaya, na dangwala sabulun da na zo da shi a aljihu, na ce autarmu ta goga tafin hannunta. Hannun ya wuce sumul. Muka gwada a kan wani mai kaushi, 30 a 30, hannun ya tsaya. Ta ce ba shi da kyau. Na ce ba kallonsa za a yi ba, taka shi za a yi. Ƙananan tayil suna da wani amfanin: suna bin gangare. Babba ba ya lanƙwasuwa, sai mai sawa ya yanka shi ko ya bar kwari inda ruwa zai kwanta. Na bar mata zaɓin na bango, ta ɗauki fari mai ratsin ruwan toka, kuma ta kyauta, don hasken zai taimaki idon Hajiya, kyankyaso ma ba shi da wurin ɓuya.

Asabar, 22 ga Fabrairu

An yi rufi, an yi filasta da maganin hana ruwa a cikin kwaɓin, an cike ƙasa an dandaƙe, an zuba daɓen farko. Daɓen banɗakin zai zauna santimita 2 ƙasa da na ɗaki bayan tayil. Baba ya so ya yi dogon tudu a bakin ƙofa yadda aka saba. Na ce tudun nan shi ke kama yatsan mai jan ƙafa da dare. Santimita 2 da gefe a goge ta isa ta tare ruwa, in dai gangaren ya yi daidai.

Gangaren kuwa daga masai yake sauka zuwa magudanar da ke kusurwar wurin wanka, kamar santimita ɗaya da rabi a kowace mita, don mai zuwa masai da dare ya taka busasshen wuri. Jiya muka toshe magudanar da tsumma da leda, muka cika daɓen da ruwa, na ja layi a bakinsa. Yau da safe ruwan ya ɗan sauka kaɗan, abin da sabon siminti da iskar hunturu za su sha, bangon ɗakin Hajiya ta ciki kuma a bushe. Da aka zare tsumman ruwan ya tafi, sai wani ɗan tafki mai faɗin tire da ya rage a gaban inda masai zai zauna. Na kewaye shi da fensir. Mai tayil zai zo Litinin, kuma wurin nan zan fara nuna masa kafin ya kwaɓa komai.

Abin da ya rage: tayil, ɗaura masai, ƙofa, fitila mai murfi da makunninta a waje ta cikin ɗaki, sai ƙarfen riƙewa guda biyu, na masai da na dakali. Bulo mai rami ba ya riƙe ƙusa in an ɗora masa nauyin mutum, shi ya sa tun ana gini na sa aka cike ramukan layin da za a kafa su da kankare, tsakanin santimita 75 da 90 daga ƙasa. Ainihin tsayin sai an ɗaura masai Hajiya ta zauna ta miƙa hannu, inda ta kama nan za a huda. Ana sa ran ganin wata ƙarshen makon gobe. Mai ƙofa ya ce Laraba. Na ce masa in ta wuce Alhamis labule zan rataya in karɓi kuɗina.